Musayar Albashi da Fansho, Keke ko Mota a Birtaniya: Yadda Ake Yi Mataki-Mataki

Tambayar ko musayar albashi da fansho, keke ko mota tana da riba ta yi yawa daga 'yan'uwanmu da ke aiki a Birtaniya, musamman ma'aikatan jinya da likitoci da masu kula da tsofaffi. Wurin aiki sun aiko da takarda cewa mutum ya yarda a rage masa albashi, kuma wai shi ne zai ci riba. Wasu sun sa hannu ba su karanta ba, wasu kuma sun ƙi don suna ganin wayo za a yi musu. Tsarin halattacce ne, hukumar haraji ta HMRC ta san da shi, kuma a takardu za ka ga an rubuta salary sacrifice ko salary exchange. Kai za ka yarda a rage albashin da ke cikin yarjejeniyar aikinka, ma'aikatarka kuma ta ba ka wani abu a madadinsa: ta zuba kuɗin a asusun fanshonka, ko ta ɗaukar maka keke ko mota haya. Tunda kuɗin bai taɓa zama albashinka ba, ba a cire masa harajin albashi, ba a kuma cire masa kuɗin inshorar ƙasa, wato NI.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne ragin na gaske ne. Albashinka a hukumance ya sauka, kuma duk abin da ake aunawa da shi zai iya sauka tare da shi. Ribar ma ta gaske ce, amma sai ga wanda ya bi abin a tsare. Alƙaluman da ke ƙasa na Ingila da Wales da Ireland ta Arewa ne. Idan a Sukotland kake, matakan harajin albashinku daban suke, sai ka sa naku a lissafin.

1. Ɗauko takardar albashinka ka san matakinka

Kada ka fara da tallan mota ko na keke. Fara da takardar albashin watan da ya wuce. Nemi abu uku: jimillar albashi kafin a cire komai, lambar harajinka, da yadda aka rubuta kuɗin fansho. Yawancin mutane lambarsu 1257L ce, ma'ana £12,570 na farko a shekara ba a cire musu haraji.

Daga nan zuwa £50,270 harajin kashi 20 ne cikin ɗari, NI kuma kashi 8. Ke nan duk £100 da ka saki, £72 ne kawai zai ragu a aljihunka. Daga £50,270 zuwa £100,000 harajin kashi 40 ne, NI kashi 2, don haka £100 ɗin £58 yake ci maka. Wanda ke samun tsakanin £100,000 da £125,140 shi ne ya fi kowa buƙatar wannan tsari, domin a wannan tsakanin ana janye masa £1 daga kason da ba a yi wa haraji a duk £2 da ya samu, sai harajin ya koma kamar kashi 60. Likitan da ke karɓar £110,000, idan ya tura £10,000 fansho ta wannan hanya, abin da zai rasa a hannu £3,800 ne kacal.

Gargaɗi: idan albashinka yana ɗan sama da £50,270, ɓangaren da ya haura layin ne kawai ke samun rangwamen kashi 42. Sauran na kashi 28 ne. Mutane da yawa suna lissafa duka da kashi 42, sai takardar albashi ta fito su ga ba haka ba.

2. Tambayi abin da wurin aikinka yake da shi

Babu dokar da ta tilasta wa ma'aikata ta buɗe wannan tsari, kuma ba za ka iya buɗe shi da kanka ba. Rubuta wa ofishin kula da ma'aikata ko masu biyan albashi, ka tambaye su waɗanne abubuwa ake bayarwa ta wannan hanya da kuma lokacin da ake shiga. Wasu wuraren kowane wata ƙofa a buɗe take, wasu sau ɗaya ko biyu a shekara.

Ba duk abin da ke cikin jerin nasu ne ke rage haraji ba. Tun watan Afrilun 2017 gwamnati ta tsuke abin. Waɗanda suka rage da cikakken rangwame su ne fansho, da shawarar ƙwararru kan fansho, da keken zuwa aiki, da gidan renon yara na wurin aiki, da motar da hayaƙinta bai wuce giram 75 a kilomita ba, wato galibi mai lantarki. Takardun biyan kuɗin reno na da an rufe su ga sababbin shiga tun 4 ga Oktoban 2018, waɗanda ke ciki tun kafin nan ne kawai suke ci gaba.

Gargaɗi: wayar hannu da kwamfuta da talabijin da kuɗin gidan motsa jiki, duk za ka gan su a jerin wasu ma'aikatu. A kansu za ka biya harajin albashi yadda aka saba, NI kawai za ka iya tsira da shi. Kwatanta farashinsu da na kanti kafin ka ɗauka, don sau da yawa bambancin bai taka kara ya karya ba.

3. Auna ko albashinka zai ɗauka

Doka ta hana wannan tsari ya sauke ka ƙasa da mafi ƙarancin albashi. Daga Afrilun 2026, wanda ya kai shekara 21 ba a biyansa ƙasa da £12.71 a awa. Idan kana aikin awa 37 da rabi a mako, wannan ya kama kusan £24,785 a shekara. Mai karɓar £26,000 ke nan abin da zai iya saki bai fi £1,200 da 'yan kai ba a duk shekara, kuma wannan jimillar komai ce, fansho da keke da sauransu. Shi ya sa masu kula da tsofaffi da yawa suke neman mota a ce musu ba su cancanta ba. Ba wariya ba ce, lissafin ne bai ba da hanya ba. Ka tuna kuma mafi ƙarancin albashin yana hawa duk watan Afrilu, don haka wanda ke dab da layin bana ana iya cire shi baɗi.

Sai maganar biza, wadda ita ce ta fi shafar mutanenmu. Idan kana kan bizar aiki, akwai adadin albashin da aka rubuta a takardar ɗaukar nauyinka, akwai kuma mafi ƙarancin da dokar shige da fice ta gindaya wa irin aikinka. Kafin ka sa hannu, nemi sashen da ke kula da ɗaukar nauyin ma'aikata su tabbatar maka a rubuce cewa ragin ba zai taɓa sabunta bizarka ko neman zaman dindindin ba. A rubuce, ba a baki ba, kuma ka adana wasiƙar. Haka wanda yake shirin kawo matarsa ta bizar iyali, inda ake neman samun £29,000 a shekara: idan albashinka yana kusa da wannan adadi, dakata har ka ga lauyan shige da fice. Rangwamen 'yan fam kaɗan a wata bai kai a jefa takardun iyali cikin haɗari saboda shi ba.

4. Fara da fansho

Idan abu ɗaya za ka yi cikin duk jerin nan, to wannan ne. Dama ana cire maka kuɗin fansho, tunda doka ta sa a shigar da ma'aikaci kai-tsaye, mafi ƙaranci kashi 8, biyar daga ɓangarenka uku daga ma'aikata. Tambayar ita ce ta wace hanya ake cirewa.

Ɗauki mai albashin £36,000 da ke zuba kashi 5 na dukan albashinsa, wato £150 a wata. Ta tsohuwar hanya £120 yake fita daga aljihunsa, gwamnati ta cike £30. Ta hanyar musaya £150 ɗin ne dai ke shiga asusun, amma £108 ne ya ragu a hannunsa. Ya tsira da £12 a wata, £144 a shekara, bai yi komai ba illa sa hannu. Mai biyan kashi 40 kuma yana da ƙarin sauƙi: a wasu asusun sai ya bi HMRC da kansa kafin a mayar masa da ragowar rangwamensa, kuma da yawa ba sa bi. A nan rangwamen yana zuwa tun daga tushe.

Ga abin da ba kowa ke tambaya ba. Ita ma ma'aikatar tana tsira da nata NI, wanda ya koma kashi 15 tun Afrilun 2025. A kan £1,800 ɗin mutumin nan, £270 ne suka rage a shekara. Wasu ma'aikatu suna zuba wa ma'aikaci duka a fanshonsa, wasu rabi, wasu su riƙe abinsu. Tambaya kai-tsaye: cikin abin da kuka rage, nawa kuke ƙara min? Babu kunya a ciki, ta dalilinka suka samu.

Bayan ka shiga, buɗe asusun fanshon a intanet ka duba inda ake juya kuɗin. Idan ba ka zaɓa ba, ana sa ka ne a asusun gama-gari, wanda ke ƙunshe da takardun bashi masu ruwa da hannun jarin bankuna da kamfanonin giya. Ga Musulmi wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma gyaransa ba shi da wuya. Nest, asusun fansho na ma'aikata da gwamnati ta kafa, tana da asusun da ke bin Shari'a, haka yawancin manyan kamfanonin fansho. Sauyawa yawanci aikin 'yan mintuna ne. Ka tabbata ka sauya abu biyu, kuɗin da ya riga ya taru da wanda zai riƙa shiga nan gaba, don a wasu shafukan kowanne da nasa gurbin. Ka sani kuma asusun da aka gina kan hannun jari yana hawa yana sauka sosai, kada ka firgita ka fice ranar da ya faɗi.

Gargaɗi na farko: kuɗin nan a kulle yake. Ba a taɓa shi sai ka kai shekara 55, kuma daga 6 ga Afrilun 2028 zai koma 57. Ko ka tattara ka koma Kano ko Zinder, kuɗin naka ne, yana nan yana jiranka, amma ba za ka cire shi don ginin gida ko aikin Hajji ko rashin lafiyar mahaifiya ba. Mu da ake jiran saƙonmu a gida duk ƙarshen wata, dole mu fara ajiye na ko-ta-kwana a inda hannu zai kai, sannan mu ƙara na fansho. Ni a ganina wanda bai da ajiyar da za ta riƙe shi wata uku kada ya wuce kason da ma'aikatarsa ke biya masa kwatankwacinsa.

Na biyu: abin da zai shiga fanshonka a shekara, naka da na ma'aikata a haɗe, iyakarsa £60,000 ga yawancin mutane. Wanda ya riga ya fara cin wani asusun fanshonsa iyakarsa tana iya sauka zuwa £10,000.

Na uku: a kasafin kuɗin 26 ga Nuwamban 2025, ministar kuɗi Rachel Reeves ta sanar cewa daga Afrilun 2029, £2,000 na farko a shekara ne kawai zai tsira daga NI ta wannan hanya. Abin da ya haura za a cire masa NI, amma rangwamen harajin albashi yana nan. Mai zuba £150 a wata bai kai layin ba. Masu zuba da yawa su ne ya kamata su yi amfani da shekarun da suka rage.

Idan a NHS kake, wato hukumar lafiya ta ƙasa, fanshonku ba ta wannan hanyar ake cire shi ba, don haka wannan mataki bai shafe ka ba. Naka gargaɗin yana mataki na 7.

5. Bi abubuwan da ke rataye da albashinka ɗaya bayan ɗaya

Tambayi ofishin albashi ko suna ajiye tsohon adadin a matsayin albashin lissafi. Ma'aikatu masu tsari suna amfani da shi wajen ƙarin albashi, da kuɗin ƙarin lokaci, da abin da ake biyan iyali idan ma'aikaci ya rasu yana bakin aiki, da kuɗin sallama. Idan ba sa ajiyewa, duk waɗannan za su bi sabon adadin ƙasa.

'Yar'uwa, idan kina da ciki ko kina sa rai, wannan naki ne. Kuɗin hutun haihuwa na doka, a makonni shida na farko, kashi 90 ne na matsakaicin albashinki. Ana ɗaukar matsakaicin ne daga makonni takwas da suka ƙare a mako na 15 kafin makon haihuwa, wato wajen mako na 17 zuwa na 25 na cikin. Idan a wannan tsakanin albashinki a rage yake, kuɗin hutun ma zai ragu, kuma a wurare da yawa har ƙarin da ma'aikata ke bayarwa. Ba a fafe gora ranar tafiya: ki yi maganar tun cikin yana ƙarami, ki ji ko za a dakatar da ragin a waɗannan makonni. A ɗaya ɓangaren kuma, ba a yankar komai daga kuɗin hutun na doka, kuma ma'aikata tana ci gaba da zuba fansho muddin hutun na biya ne. Sai ki sa su lissafa miki hanyoyin biyu a takarda.

Mai shirin sayen gida, ko ta banki ko ta kamfanonin da ke saye su sayar maka bisa Shari'a, su ma albashi suke dubawa. Wasu suna mayar da na fansho cikin lissafi idan ka kai wasiƙa daga wurin aiki, amma na mota suna ɗaukarsa nauyi ne da ke kanka duk wata. Gama maganar gida kafin ka ɗauki mota.

Akwai inda ragin ke taimakawa. Mai biyan bashin karatu zai ga abin da ake cire masa ya sauka. Wanda ke karɓar tallafin yara, ana fara karɓe shi idan samun ɗaya daga cikin iyaye ya wuce £60,000, ya ƙare gaba ɗaya a £80,000, kuma tura kuɗi fansho yana iya dawo da kai ƙasa da layin.

6. Keke

Wannan mai sauƙi ne. Ka zaɓi keke a kantin da ke cikin tsarin, a ba ka takardar farashi, ka shigar da ita a shafin da ma'aikata ta ba ka, su amince, a aiko maka da takardar karɓa. Hular kwano da fitila da kwaɗo duk suna shiga. Keken £1,000 a wata 12 ya kama £83.33 a wata, a aljihun mai biyan kashi 20 kuma £60, jimilla £720.

Gargaɗi: haya ce, keken bai zama naka ba ranar da ka gama biya. Idan kana so ka mallake shi bayan shekara ɗaya, HMRC tana ƙiyasta darajarsa kashi 25 ga keken da ya kai £500, kashi 18 ga wanda bai kai ba. Idan ka zaɓi a tsawaita hayar zuwa shekara huɗu, sai ya sauka zuwa kashi 7 da kashi 3. Zaɓi tsawaitawa: £70 maimakon £250. Sharaɗin kuma shi ne fiye da rabin hawan ya zama na zuwa aiki. Idan aka sace shi za ka ci gaba da biya, don haka sayi kwaɗo mai ƙarfi.

7. Mota, sai ka natsu

Nan ne ido ke rufewa. Sabuwar mota mai lantarki, babu kuɗin ajiya, inshora da gyara da taya duk a ciki. Lissafin yana da kyau ƙwarai, amma yana da ƙafa biyu. Ban da abin da ake yanka, akwai harajin amfani da motar kamfani, wanda ake ɗaukowa daga farashin motar na asali: kashi 3 a shekarar haraji ta 2025/26, kashi 4 a 2026/27, kashi 5 a 2027/28, kashi 7 a 2028/29, kashi 9 a 2029/30. Motar £35,000 da ake yanka mata £500 a wata, a shekarar kashi 4, mai biyan kashi 20 za ta ci masa £360 da harajin kusan £23, wato £383. Mai biyan kashi 40 kuma kusan £337. Nemi a ba ka lissafin kowace shekara ta yarjejeniyar, ba ta farko kaɗai ba.

Kafin komai karanta sashen barin aiki. Yarjejeniyar shekara biyu zuwa huɗu ce, motar kuma da sunan ma'aikata take. Idan ka sami aiki a wani wuri, ko bizarka ta ƙare, ko aka sallame ka, wa zai biya tarar katse haya? Wasu tsare-tsaren suna da kariya, amma takan fara aiki ne bayan wasu watanni, kuma ba kowane dalili ta ƙunsa ba. Duba adadin mil da aka yarda maka a shekara da kuɗin kowane mil da ya haura. Duba inda za ka yi caji: mai gida da filin ajiye mota zai yi caji da dare a farashi mai sauƙi, wanda ke zaune a bene kuma ya dogara da na kan titi zai ga rabin ribar ta tafi can. A ƙarshe motar komawa take yi.

Ma'aikatan NHS, ku kula sosai. A tsarin fansho na 2015, duk shekara ana tara muku kashi ɗaya cikin 54 na albashin wannan shekarar. Mota tana rage wannan albashin. Yankan £6,000 a shekara yana rage fanshonka da kusan £111 a kowace shekarar ritaya, shekara uku na haya kuma kusan £333, har ƙarshen rayuwa. Gaskiya ne abin da ake cire maka na fansho yanzu ma zai ɗan sauka, amma sa wannan asarar a ma'auni kafin ka ce motar ta yi araha.

8. Sa hannu

Sauyin yarjejeniyar aiki ne, don haka dole ya kasance a rubuce, kuma kafin ka cancanci kuɗin. Ba a mayar da shi baya kan albashin da aka riga aka biya. Wanda ke son tura garaɓasar ƙarshen shekara fansho sai ya sanar tun kafin ranar biya. Takardar ta nuna adadin da za a yanka, ranar farawa, tsawon lokaci, da hanyar fita. Yawancin ma'aikatu suna yarda a sauya idan rayuwa ta sauya, kamar aure ko haihuwa ko abokin zama ya rasa aiki. Ka ga an rubuta wannan da idonka, ka ajiye kwafi a imel ɗinka na kanka, ba na wurin aiki ba.

9. Binciki takardar albashi ta farko

Ajiye sabuwa kusa da tsohuwa. Albashin da ake yi wa haraji ya sauka da adadin da aka yanka? NI ya sauka? Idan NI bai motsa ba, ba a shigar da kai daidai ba. Ka tabbata ba a cire fansho sau biyu ba, ta sabuwar hanya da ta tsohuwa. A asusun fanshon za ka ga an daina rubuta kasonka, komai ya koma da sunan ma'aikata. Haka ya kamata, amma haɗa jimillar ka ga ta cika.

Mai mota ya shiga asusunsa na HMRC ta manhajarsu ya ga an sa motar, ko dai an sauya lambar haraji ko ana cire harajin a cikin albashi kai-tsaye. Idan babu ko ɗaya, sanar da su da kanka tun da wuri, in ba haka ba harajin zai taru su neme shi daga baya. Shekarar haraji tana ƙarewa 5 ga Afrilu, takardar P60 kuma, wadda ke nuna jimillar albashi da harajinka na shekara, tana zuwa kafin ƙarshen Mayu. Idan ta zo, sake lissafin mataki na 1 da na 3 da sabon albashinka, musamman idan an yi maka ƙari ko ka rage awannin aiki.